Fakon da Maƙwabcinmu Ya Tayar

Abubuwa da yawa sun faru a gabana a ƙauyen nan, wasu na manta da su tun kafin su huce. Amma shari'ar da aka yi a bakin gonar aron maƙwabcinmu, ita kam ko tsufa ya cinye ni ba na jin za ta fita daga kaina. Ba a zagi kowa ba a ranar, ba a ɗaga sanda ba, ko muryar kirki ba wanda ya ɗaga. Duk da haka a wurin nan mutum ya rasa abin da ya dawo gida dominsa, kuma abin da ya jawo masa daga bayan katangata ya fito.

Ƙauyenmu yana gefen hanya tsakanin Kore Mairuwa da Tibiri. Maigidana turke shanu yake yi, ya ciyar da su su yi ƙiba ya kai kasuwa. Saboda shanun nan ne 'yan furoje, wato ma'aikatan wani shirin raya karkara, suka zaɓi gidanmu a shekarar da suka zo gina abin da muke kira rijiyar gas. Suka haƙa rami a bayan gida, suka gina wani abu da siminti kamar an kifa babbar tukunya, suka binne. Aikina shi ne kowace safiya in kwashe kashin shanu tun yana ɗanye, in dama shi da ruwa, in tura ta bakin rijiyar. Can ciki yake ruɓewa, iskar ta bi ta tiyo har madafa. Ranar da aka fara kunnawa, wuta ta tashi shuɗiya, babu hayaƙi, mata suka cika mini gida suna salati. Wata tsohuwa ta rantse ba za ta ci tuwon da aka tuƙa da warin shanu ba. Da na zuba mata da miyar kuka, sai da ta suɗe kwanon, sannan ta ce ai ita dama ɗanɗanawa ta yi don ta gargaɗi mutane.

To, rijiyar nan baki biyu gare ta. Abin da ka zuba ta gaba, bayan ya ba da iskarsa, yana fitowa ta baya, baƙi-baƙi, mai kauri kamar kunu. Ba shi da wari sosai, ƙuda ma ba sa damuwa da shi. Mutumin furoje ya faɗa mana cewa wannan ruwan taki ne, har ya fi ɗanyen kashi, amma ya faɗa ne a ranar da idon kowa yake kan wuta, kuma rabin maganarsa Faransanci ce. Maza suka yi nasu lissafin a majalisa. Suka ce abin da ya riga ya ba da wuta ai ƙarfinsa ya tafi, kamar ganyen shayi ne da aka dafa aka sake dafawa. Maigidana yana cikin masu wannan fatawa, har ya fi su ƙarfin murya, tunda rijiyar tasa ce. Saboda haka ruwan ya riƙa gangarawa wani rami a bayan katanga, in ya cika ya malala lungu, masu wucewa su yi tsaki su tattare riga.

Maƙwabcin namu ɗan mace ne a garin, wato mahaifiyarsa ce 'yar nan, mahaifinsa baƙo ne. A gidan kakanninsa na wajen uwa ya girma, ga dangi kamar ƙasa, amma ko taku ɗaya na gona bai gada ba. Shekara da shekaru yana cirani a Kwatano, yana dako a kasuwa, matarsa da 'ya'yansa suna nan tare da mu. A shekarar da nake ba da labari ya dawo da ciwon baya, ya ce shi ya gama da bakin teku, ko kunu zai sha a gida zai sha shi. Ya je ya durƙusa gaban kawunsa, yayan mahaifiyarsa, ya roƙi aron gona.

Sai na ɗan tsaya a nan, domin wanda bai san al'adarmu ta aron gona ba, ba zai gane abin da ya biyo baya ba. A wajenmu, in ka ara wa mutum gona ya zuba mata taki, ba ka da ikon karɓe ta sai ya ci takinsa, wato sai ya noma ta har ƙarfin takin ya ƙare. Daga nan kuma rigima take farawa, don wasu in sun zauna ba sa tashi. Shi ya sa masu gona suka koyi wayo. Tun ranar bayarwa suke kafa sharaɗi: ka noma, ka girbe, amma ban da taki, ban da dasa itace. Da wannan sharaɗin kawun ya ba shi wani fili a yamma da gari. Fako ne, ƙasa ja mai tauri wadda ruwa yake gudu a kanta ba ya shiga. Ban taɓa ganin an girbi komai a wurin ba tun da aka kawo ni garin. Mutane suka ce kawu ya yi kyautar da ba ta rage masa komai ba.

Wata safiya ina dama kashi, sai na ga maƙwabcin a tsugune bakin ramin bayan katanga. Wata kabewa ce ta fito da kanta a gefen ramin, ganyenta ya yi faɗi kamar faifai, ga rama a kusa da ita ta fi ni tsawo, alhali tsakiyar rani ake. Ni kullum ina ganinsu, ban taɓa kawo komai a raina ba. Ya daɗe yana kallo kafin ya ɗago.

"Yaya," ya ce, "ruwan ga da ke malala, kuna da wani aiki da shi?"

Na ce masa aikinsa ɗaya, ya haɗa ni faɗa da masu wucewa. In zai kwashe, har addu'a zan yi masa. Da maigidana ya ji, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a bar shi ya kwasa, zaman Kwatano ya taɓa masa kai.

Bai taɓa masa kai ba. A hanyarsa ta zuwa Dogon Dutsi ya sha ganin yadda ake haƙa tassa, ƙananan ramukan nan da ake yi jere a fako don su tare ruwan sama. Ya sayi diga, ya shiga haƙa, da ciwon bayansa da komai. Ruwan takin kuwa bai zuba shi kai tsaye ba. A ƙarƙashin wani gawo da ke bakin filin ya yi rami mai faɗi, ya shimfiɗa ƙaiƙayi da guntayen kara, ya kwarara ruwan a kai, ya sake shimfiɗawa, ya rufe da tsohuwar zana don kada rana ta busar da shi. Da ya kwanta ya yi laushi kamar ƙasar tukunya, sai shi da matarsa suka riƙa ɗiba a kwando, suna sa cikin hannu ɗaya a kowane rami. Gara ta ji ƙanshi ta zo, ta huhhuda ƙasar ta ƙasa. Shi kuwa murna yake da ita, yana cewa ma'aikatansa ne da ba sa neman abincin rana.

A cikin kwanakin nan ne abin da aka kira ni shaida a kansa ya faru. Maƙwabcin yana cika tano, wato duro, a kan amalanken jaki da ya aro, ni ina tsaye da bokitina, sai ga kawun ya biyo ta lungun zai je gaisuwar rasuwa. Dattijo ne mai tsabta, mai farin gemu, ba shi da sunan mugu a garin. Ya tsaya.

"Kai, mi kake kai ma gonata?"

"Ruwan rijiyar gas ne, Kawu."

Dattijon ya tsoma bakin sandarsa a cikin tanon, ya ɗaga, ya shinshina. Ya dube ni, ya dubi ɗan ƙanwarsa, ya yi murmushi.

"Wanga ko ƙuda bai kula shi ba. Wuta ta shanye shi tun ciki. Zuba abinka, in wanka kake son yi ma fako."

Ya wuce. Na lura maƙwabcin ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Na ɗauka ladabi ne.

Daminar ta zo da gardama. Aka yi ruwan shuka, kowa ya shuka, sannan sama ta ɗauke ta yi shiru har tsiro ya fara kwanciya. Gonaki da yawa sai da aka sake shuka su, har da tamu. Amma a fakon nan kowane rami ya riƙe ɗan ruwansa, takin ya riƙe danshi, hatsin ya tsaya. Da ruwa ya dawo sai ya tashi kamar ana jan shi da igiya. Ganye ya yi kore har ya yi duhu, kara ya yi kauri, kuma babu yawan ciyawa irin wadda ɗanyen kashi yake kawowa. Masu zuwa kasuwar Kore Mairuwa suka fara ratsewa daga hanya don su gani da idonsu. Maigidana, mai fatawar ganyen shayi, ya daina tada zancen. Wata la'asar na same shi tsaye bakin ramin bayan katanga, hannu a baya, yana kallon ruwan kamar yau ya fara ganin shi. Na tambaye shi ko shayi zai dafa. Ya juya ya shige gida.

Hatsi yana gab da isa girbi kawun ya aiko. Ya ce ɗansa zai yi aure, yana bukatar filin bayan kaka. Ya ƙara da cewa tunda an karya sharaɗi an zuba taki, yana da hakki a cikin amfanin bana ma. Matar maƙwabcin ta shigo wurina da kukanta. Ta ce ita ba hatsin ne ya dame ta ba. In filin ya tafi, mijinta zai koma Kwatano, kuma bayan nan nasa ba zai sake ɗaukar buhu ba tare da ya karye ba. Maƙwabcin bai so a kai maganar ko'ina ba, ya ce shi ba ya shari'a da ɗan'uwan uwarsa. Amma ɗan kawun ya je ya fara kafa turaku a iyakar filin, magana ta bazu, mai gari ya ce a haɗu a can da hantsi, don rigimar gona a gona ake duba ta.

Aka taru a ƙarƙashin gawon nan. Ni ina daga baya-baya da wasu mata, don mai gari ya aiko a ce in zo. Kafin rana ta yi zafi kowa ya gane inda maganar ta maƙale. In aka ce ruwan nan taki ne, to maƙwabcin ya karya sharaɗin aro, fili ya koma ga mai shi. In aka ce ba taki ba ne, to ba shi da takin da zai ci, fili ya koma ga mai shi. Ta ko'ina aka juya, wuri ɗaya ake fitowa. Dattawan da suka yi shekara suna cewa ruwan banza ne, ga su tsaye cikin hatsin da ya fi kansu tsawo, ba wanda yake son a tuna masa.

Mai gari ya kira ni, ya ce in faɗi abin da na ji a lungu. Na faɗa, har da zancen ƙuda da wankan fako. Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Kawun bai musa ba.

"Na hwaɗa," ya ce. "Amma ruwa na ba izini. Ban ba da izinin taki ba."

Mai gari ya riƙa wasa da tasbaharsa. Tsoho ne da ya san kowa tun yana goye, kuma a fuskarsa ana gani hankalinsa yana wajen wanda ya yi wahala. Sai ya juya ga maƙwabcin, ya yi masa tambaya a hankali, yana jan kowace kalma.

"Ranar da kawunka ya tsoma sanda, kai ma ruwa ka ɗauke shi, ko ba haka ba? Kamar yadda duk munka ɗauka?"

Ko yaro ya san ƙofa ce aka buɗe masa. In ya ce e, babu wanda ya yaudari wani. Sai a ce kuskure ne na gari duka, Allah ne ya mai da ruwa taki, a roƙi kawu ya bar shi ya ci damina ɗaya ko biyu, kuma a gaban jama'a dattijon ba zai iya ƙi ba. Matarsa tana kusa da ni, ta damƙe mini hannu har na ji zafi.

Maƙwabcin yana tsugune. Ya ɗauki ɗan ɓurɓushin ƙasa ya murza.

"Ranka shi daɗe, na sani. Tun ranar da na ga kabewar bayan katanga na san taki ne. Kawu ya yi dariya, ni ko na yi kurum, don in na yi magana ɗiyana ba su da tuwo. Ba ni ƙara wata ƙarya bisa wannan."

Mai gari ya sauke numfashi, ya yanke abin da ba shi da yadda zai kauce masa. Amfanin bana duka na wanda ya noma ne, tunda kawu da bakinsa ya ce a zuba. Fili kuwa, bayan girbi, ya koma ga mai shi. Aka shafa fatiha. Maƙwabcin ya tashi ya je gaban kawunsa ya durƙusa ya ce ya yafe masa. Dattijon ya dafa kansa ya ce babu komai. Na tabbata har zuciyarsa yake jin ya yi adalci.

Ni kam a ranar haushin maƙwabcin na ji, ba na kawun ba. Na dawo gida ina faɗa ni kaɗai, ina cewa wane irin mutum ne za a miƙo masa igiya yana cikin rijiya ya tsaya yana gyara magana. Daga baya na daina cewa haka. Mutum ne da ya yi shiru sau ɗaya, shirun ya kwana masa a rai damina guda, bai so ya ƙara. Ban ce ya yi daidai ba, ban kuma ce ya yi kuskure ba. Ni dai ba ni na tsuguna a wurin ba.

Ya girbe hatsinsa, ya cika rumbun da ya daɗe babu komai a ciki sai ɓeraye. Mu kuma bayan katangarmu ya zama kasuwa. Waɗanda suke tattare riga jiya suka riƙa zuwa da bokiti da tano, suna gaishe ni da sunan babban ɗana, ana tambayar lafiyar shanu. Maigidana ya kewaye ramin da ƙaya, ya yi masa rumfa, ya fara haɗa shi da kara yadda ya ga maƙwabcin yana yi, ya kai gonarmu. Gaskiya gonar ta canja, ƙasarta ta yi laushi, har takin zamanin da yake saye ya rage. Yanzu in ka ji shi a majalisa yana bayanin amfanin ruwan nan, sai ka rantse shi ya ƙirƙiro shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda masu fako suka yi ta sallama a ƙofar maƙwabcin. Kowa yana da wani mataccen fili da yake son ya ara masa, saboda zumunci. Ya saurare su duka da ladabi, kuma tambaya ɗaya yake yi wa kowa: damina nawa? Sai su ce haba, tsakaninmu har sai an ƙidaya, sai yadda Allah ya yi. Shi kuma ya ce ya gode. Na yi wa maigidana magana ko za a yanka masa wani gefe a tamu, ya ce gandu ne na su da 'yan'uwansa, ba shi kaɗai yake da baki a ciki ba. Wannan ma gaskiya ne. Kowa a labarin nan yana da gaskiyarsa.

Da rani ya raba, rumbu ya fara sauka, sai maƙwabcin ya ɗaure kayansa zai koma Kwatano. Da safen da zai tafi neman mota a Kore Mairuwa ya yi sallama a ƙofata, riƙe da digarsa.

"Yaya, aje min wagga. In na bar ta gida, aro za a yi ta yi har ta ɓace."

Na tambaye shi bayan fa. Ya ce baya ya saba.

Fakon ya ba ɗan kawun amfani damina biyu. Yaron ba malalaci ba ne, amma bai haƙa ramukan da hannunsa ba, bai san sai an yashe su an ƙara musu taki kowace shekara ba, kuma shi hankalinsa yana kan babur ɗin haya. A hankali ramukan suka cike, ƙasar ta sake ɗaurewa. Bara na bi ta wurin zan je suna, na ga ruwan sama yana gudu a kai kamar yadda yake yi tun farko. Gawon ne kawai yake nan.

Abin da na koya ba wai ruwan rijiyar gas taki ba ne, wannan kam yanzu ko jakin garinmu ya sani. Na koyi cewa taki ba ya tayar da ƙasa shi kaɗai, sai da mutumin da ya san baɗi ma shi zai shuka ta. Mu mun samu takin, mun bar mutumin ya tafi. Matarsa takan shigo ta dafa abinci a wutata in itace ya yanke mata, muna hira, ba ma tada zancen. Digar tana nan jingine a bayan ƙofar madafa. Mutane sun sha zuwa aro, ina ce musu ba tawa ba ce.